Shaidar da Baba Ya Bayar a Ƙonni

Bindigar ta kakanmu ce, harbi-ruga, doguwa, an ɗaure wuyanta da fatar akuya inda icen ya tsage. Tun ina yaro nake ganinta rataye a ɗakin Baba, kuma ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa abu ne da ake neman wa takarda a wurin gwamnati. A garinmu, wani ƙauye tsakanin Dogarawa da Malbaza, gidaje da dama na da irinta. A ɗura albarushi, a danna tsumma, a zuba gutsattsarin ƙarfe da kan ƙusa, a sake danna tsumma. Zabin daji da zomo ake nema da ita. Yayana, ɗan farin Baba, shi ya gaje ta, don ni lakwal aka kai ni, wato makarantar boko, hannuna bai san komai ba sai alli.

Zamanin soja ne, ina koyarwa a Illela, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro Faransanci. Wata ranar kasuwa da kaka, wani mutumin garinmu ya same ni a bakin aji. Bai ko gama gaisuwa ba ya kira ni da laƙabin da ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, ka taho gida. Yayanka ya halbi mutum."

Wanda aka harba maƙwabcinmu ne na gona. Layin gamba ne ya raba gonarmu da tasa, kuma akwai wani wuri da gambar ta mutu, shekara da shekaru ana ƴar tsama a kansa. Da hantsin ranar Yaya ya tarar da shi yana tuge harawa a wurin. Magana ta kawo magana, mutumin ya ɗaga hauya, bindiga ta tashi. Yaya ya ce ƙasa ya nufa don ya tsorata shi, wurin kuwa fako ne mai tsakuwa, ƙarfe ya yi tsalle ya shiga gwiwa. Mutumin ya ce shi aka nufa. Ni ban kasance a wurin ba, kuma har yau ban taɓa rantse wa kowa a kan ɗayan biyun ba. Abin da na sani shi ne Yaya mutum ne mai sanyi, wanda sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya amsa sau ɗaya.

Kafin in iso har an zauna a zauren maigari, na tarar da ƙarshen zaman. A wajenmu wanda ɗansa ya yi ɓarna ba ya kare shi. Uban ne zai fara tashi ya zage shi, ya kai shi ƙasa, ya tattake, har sai waɗanda aka yi wa laifi sun ji nauyi sun ce haba, ya isa. Daga nan sulhu yake farawa. In kuwa ɗan fari ne, abin ya ninka, don uba ba ya ko kiran sunansa, balle ya yabe shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Baba ba, sai dai "wanga yaro" ko "wancan".

Baba ya iya wannan aiki, ya kuma yi shi yadda ake yi. Yana cikin zagi kawun wanda aka harba, wani tsoho mai furfura har gira, ya miƙe ya riƙe masa hannu.

"Haba Malam, ya isa hakanan," in ji shi. "Tsautsayi na, ba ya wuce rana tai. Mun yahe."

Aka yanke cewa gidanmu zai roro masa wakensa, kuma mu noma masa gonarsa da damina mai zuwa. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Na koma Illela ina ganin an gama.

Gwiwar ce ba ta yarda da sulhun ba. Ta kumbura, ta fara wari, dole aka ɗora mutumin a amalanke zuwa gidan likita a Malbaza. Can aka zaro masa kan ƙusa, kuma doka ta ce duk raunin bindiga sai an rubuta wa jandarma. Kwana uku bayan haka, da rana tsaka, motarsu ta shigo garin. An ce mini mata suna daka suka tsaya da taɓare a sama. Jandarma biyu suka shiga gidanmu ba sallama, ɗaya ya sauko da bindigar ya sansana bakinta, ɗayan ya ce wa Yaya ya sa takalmi. Kafin la'asar ta ranar babu gida ko ɗaya da ke da bindiga a garin. Wasu sun binne tasu a ƙarƙashin rumbu, wasu sun jefa a tsohuwar rijiya, kowa kuma ya daina haɗa ido da mu.

Aka sa ranar shari'a a Birnin Ƙonni. Na ɗauki izini, na sa rigata mai kyau, na rako Baba. A mota na cika masa kunne da inda zai zauna, da yadda ake miƙewa in alƙali ya shigo, da cewa ba a cin goro a ciki. Duk wannan na faɗa masa. Abin da zai ce in an tambaye shi ne kawai ban faɗa masa ba, don ban zaci za a kira shi ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa ga shi a wuyana ina yawo da shi.

Alƙalin matashi ne, ba mutumin yankinmu ba, ba ya jin Hausa, sai da tafinta. Gefensa magatakarda na rubuta duk abin da aka faɗa. Aka shigo da Yaya an aske masa kai ƙwal. Laifi biyu aka karanta masa: raunata mutum da gangan, da riƙe bindiga ba takarda. Wanda aka harba ya shigo da sanda, ya yi magana ba zafi, har ya ce ai an daidaita a gida. Alƙali ya ce gwamnati ba ta cikin waɗanda suka ci goron. Sai aka kira Baba, tunda a gidansa bindigar take rataye. Bayan tambaya biyu a kan bindigar, alƙali ya ce a tambaye shi yaya halin ɗansa yake.

Na ga Baba ya gyara tsayuwa, ya tattare hannun riga. Na san wannan tsayuwar, a zauren maigari na gan ta.

"Wanga yaro," in ji Baba, bai ko dubi inda Yaya yake ba, "tun shina ƙarami ba ya jin magana. Zuciya gare shi awa wuta. Shi ad da laihi, ba kowa ba. Ya ba ni kunya, ya ba gidanmu kunya."

Tafintan Bahaushe ne, ya san abin da yake ji. Ya ɗan dubi Baba, ya dubi ƙasa, sannan ya juya maganar kalma bayan kalma, don aikinsa ke nan. Baba ya ɗan karkata kai wajen bencin jama'a yana jira. Tsohon nan mai furfura ya yunƙura, ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Haba Malam..."

"Zauna!" wani jandarma ya daka masa tsawa.

Tsoho ya zauna. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai alƙalamin magatakarda. Baba ya jira, ba wanda ya ce ya isa. A saninsa kuwa, in ba a ce ya isa ba, to zagin ne bai kai ba, sai a ƙara. Ya ƙara.

"Na sha hwaɗa mai wata rana sai ya kashe mutum. Ga shi kuwa. In kun ga dama ku yanka shi, ni na sallama."

Ƙarya ce. Bai taɓa faɗa masa haka ba, babu kuma dalilin da zai sa ya faɗa. Ina zaune a baya da Faransancina, na ji an juya ta, na ga lauyan gwamnati ya sunkuya ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi. Na so in miƙe, na dubi jandarman nan, na zauna inda nake. Na ji tsoro, gaskiyar ke nan. Aka yanke wa Yaya shekara uku a kan laifin biyu.

A waje, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa Baba murya. Na ce da bakinsa ya ɗaure ɗansa. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

"To mi kake so in ce? In tsaya gaban mutane in yabi abin da nih haihwa? Ga wanda anka gurgunta zamne shina kallo na?"

"Nan ba zauren maigari ba ne, Baba!"

"Su ma ba su da ɗiya?" ya tambaye ni.

 Na bar shi nan na shiga buro, wato ofishin magatakarda, don na san akwai ɗaukaka ƙara, abin da suke kira apel, kuma kwana goma ake ba mutum. Magatakardan dattijo ne, mutumin Ƙonni, ya daɗe a aikin. Ya saurare ni har na gama zuba, ya cire tabarau ya goge.

"Mushe, in ka ɗaga, na gwamnati ma shina iya ɗagawa. In ya ɗaga, ana iya ragewa, ana iya ƙarawa. Can Yamai kuwa ba mutum suka kallo ba, takarda suka kallo. Kai kuma ka ji abin da ac cikin takardar ga, ni ar rubuta ta. In da ni na, da na bar kaza cikin gashinta."

Na ce masa zalunci ne, kuma zalunci ba a barinsa. Na yi masa jawabi mai kyau, har ni kaina ya burge ni. Ya mayar da tabaransa ya ce sai wanda aka ɗaure ya sa hannu da kansa.

Baba bai so ba. Ya ce shekara uku kwana ce, a bar wa Allah. Na ce masa ya riga ya yi nasa, yanzu ya bar ni in yi nawa, maganar da har gobe nake jin ɗacinta a bakina. Na je gidan kaso na sami Yaya. Na yi masa bayanin ragewa da kyau, na yi masa na ƙarawa a gurguje. Ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa.

"Kai kas san boko," in ji shi. "Abin da kag gani shi za a yi."

Ya dangwala yatsa. Ba a yi mako ba magatakarda ya aiko mini da saƙo cewa lauyan gwamnati ma ya ɗaga. Dalilinsa shi ne hukuncin ya yi sauƙi ga mutumin da uban da ya haife shi ya daɗe yana tsoron zai yi kisa.

Daga nan sai jira. Damina ta sauka, aka ba mu hutu, na dawo gida muka noma gona biyu kamar yadda aka yi alkawari, hannuna ya yi kanta a karon farko. Maƙwabcin namu gwiwarsa ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Kullum sai ya ja ƙafa ya zo ya zauna gindin wata gawo yana kallonmu muna yi masa noma, ba ya cewa komai sai sannu. Na fi son ya zage mu. Inna kuwa, ita ma kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki. Sau ɗaya ta tare ni a bakin madafa ta ce, "An ce wancan za a kai shi Yamai?" Na ce e. Ta ce, "Da nisa?" Na ce da nisa. Ta koma ta ci gaba da tankaɗe.

Na sami lauya a Yamai ta hanyar wani abokin karatuna. Ya karanta dosiye, wato takardun shari'ar, ya rubuto mini cewa maganar uban ce ta ɓata komai. Ya ce in zo da tsohon, wataƙila a saurare shi, wataƙila kuma a ƙi, amma in an saurare shi dole ya warware abin da ya faɗa, a fili, ba kwana-kwana.

Sai na koma malamin Baba. In mun zauna shan fura a gona in ce, "Baba, ka ce: ɗana mutumin kirki ne."

Ya juya ludayi a ƙwarya. "Yaron dai... ba shi da laihi ƙwarai."

"Ba haka ba. Ka ce ɗana. Ka kira sunansa."

"Kai, ka ƙyale ni."

Yaran da nake koya wa karatu ba su taɓa ba ni wuya kamarsa ba. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi masa barazana da cewa in aka ƙara wa Yaya, shi ya ja. Wata rana na jefar da hauya na bar masa gonar. Da na huce na dawo, na hango shi can cikin gero, ya ba ni baya, yana tsaye shi kaɗai yana magana ƙasa-ƙasa, hannunsa na motsi kamar mai ba da shaida. Ban ji abin da yake cewa ba, na koma da baya don kada ya gan ni.

Sai da wata bazarar ta zagayo aka sa rana. Baba bai taɓa wuce Dogondutsi ba. Ya naɗe farar rigarsa ta Idi a cikin buhu, ya rungume ta a cinya har Yamai. A hanya duk inda aka gitta ƙarfe sai a sauke mu a duba katin shaida, soja na bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. A kowane shinge Baba sai ya miƙa katinsa da hannu biyu. Bai ci komai ba tun safe, na saya masa tsire a Doso ya ce in ci, bakinsa ba daɗi.

Kotun Yamai ta ninka ta Ƙonni girma. Alƙalai uku ne a sama cikin baƙaƙen riguna, fanka na juyawa a kansu. Aka shigo da Yaya cikin wasu fursunoni, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya gan mu, ya sunkuyar da kai saboda Baba. Komai da Faransanci ake yi, da sauri, ana kiran ƙara bayan ƙara. Da aka zo tamu, lauyanmu ya yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsa ba. Ya yi maganar fako da tsakuwa, da hauyar da aka ɗaga, da sulhun da aka yi, ya kuma bayyana yadda uba yake yi a ƙasarmu in ɗansa ya yi laifi. Alƙalin da ke hagu ya buɗe dosiye ya karanto maganar Baba daga farko har ƙarshe, da murya ba hawa ba sauka. Lauya ya roƙi a saurari uban, ga shi nan zaune, ya yi tafiyar yini guda. Suka haɗa kai su uku, na tsakiya ya ce kotu na da shaidarsa a rubuce, ta wadatar.

Baba ya taɓo ni. "An kira ni?"

"Tukuna," na ce.

Lauyan gwamnati ya tashi ya yi nasa. Ya ce a wannan zamani ba za a bar bindigogi na yawo a ƙauyuka ba, kuma ba wanda ya san ɗa kamar ubansa. Baba ya sake taɓo ni, na sake cewa tukuna. Alƙalai suka shiga ciki. Muna zaune cikin zafi, Baba leɓensa na motsi, yana ta bitar abin da ya tanada. Na kasa gaya masa an riga an rufe ƙofar.

Da suka fito, na tsakiya ya karanta. Laifin raunatawa ya tabbata. Laifin bindiga ya tabbata. An karɓi ƙarar lauyan gwamnati, shekara uku ta koma biyar. Tafinta yana can gefe yana shan ruwa, bai riga ya matso ya gaya wa Yaya ba. Baba bai tambaye ni komai ba wannan karon, fuskata kawai ya duba. Sai ya miƙe.

Ya kira sunan Yaya. Da ƙarfi ya kira shi, har alƙalan suka ɗago kai.

"Ɗana na!" in ji shi. "Ni nih haihe shi, kuma ƙarya niy yi a Ƙonni. Bai taɓa ɗaga min murya ba. Shekarar da hatsi bai yi ba, shi at tahi Najeriya da ƙahwa, yad dawo da dawa bisa kai nai, yac ci da mu duka. Da baya na yak kama, wata huɗu shi ka ɗauka ta zuwa bayan gari, bai taɓa hwaɗa ma kowa ba. Ba ni da kama tai. Ku rubuta wagga ma!"

Ba wanda ya rubuta. Tafinta bai juya ba, don ba a ce ya juya ba. Wani jandarma ya taho da saurinsa, da ya ga tsoho ne sai ya sassauta, ya kama hannun farar rigar ya zaunar da shi a hankali. Aka kira ƙara ta gaba. Yaya na tsaye inda yake, ya rufe fuska da hannu biyu, a haka aka ja shi aka fitar.

Washegari aka bar ni na gan shi a gidan kaso, ta bayan waya. Baba ya ce ba ya iya shiga, ya zauna a waje. Na zo da jawabina na neman gafara, na fara da cewa ban sani ba ko an yi masa bayanin hukuncin sosai.

"Tun tahinta bai buɗe baki ba nis sani," in ji Yaya. "Da nij ji Baba ya kira suna na cikin mutane, shina yabo na, nis san an gama da ni. Mu ai gawa aka yi ma hakanan."

Na ce masa ni na jawo, ni na kawo takardar. Ya ce yatsansa ne a kai, in bar zancen, in kula da tsoho a hanya, in tabbata ya ci wani abu.

Baba ya rasu cikin shekara ta huɗu da ɗaure Yaya, da kaka, bayan jinyar kwana kaɗan. Da na bar shekara ukun nan yadda suke, da Yaya yana gida, da shi ne zai shiga kabari ya karɓe shi. Ni na shiga.